Ribas ɗin Gurguwa

Agege, Legas
Watan Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Fanna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Badamasi da yara da duk mutanen Tudun Kolo. Ki durƙusa ki gaishe min da Hajja mahaifiyarki, ki ce mata ɗan Fulanin da ta riƙa dirza da soso a bakin kogi yana nan da ransa. Ni lafiya lau nake, in ban da kunnen nan da ƙarar janareta ta gama cinyewa. Yanzu ko an kira ni a waya sai dai in zuba mata ido. Shi ya sa na koma takarda irin ta mutanen da, tunda ku ma sai an hau jinga ake samun sabis. Yakubu, direban da ke kawo mana tattasai daga Haɗeja, ya yarda zai riƙa yi mana dakonta.

Roƙo na zo yi, kuma ba ki da hanyar guje mini, don kakata Yagana da kakarki ciki ɗaya suka fito. Kin san jajayen motocin nan biyu masu ƙofa biyu da babana da mahaifinki Baba Kolo suka saya a hannun Turawan aikin noman rani da za su koma gida. Ta babana tana wajena, Barewa nake ce mata, har yau in na taka ta samarin Legas sai sun waiwayo. Ta Baba Kolo kuwa kun ɗora ta kan bulo kun cire mata tayoyi, kuna kiranta Gurguwa. Barebari ba ku san darajar mota ba.

To, giyabos ɗin Barewa ya samu matsala. Na zaga kasuwannin kayan gyara na Legas kaf, samfurin ya ƙare. Ga shi an sa bikin 'yata Radiyya ƙarshen Agusta, kuma na yi mata alkawari tun tana ƙarama cewa a motar kakanta zan kai ta ɗakinta. Musaya nake so: ku ba ni na Gurguwa, in aiko muku da nawa. Abin da ya same shi ba zai hana ta juya famfon ban ruwa ba. Na ga aikinta da idona lokacin da na zo ta'aziyyar Baba Kolo, a giya ta uku take wuni.

Yayanki,
Ɗahiru

*

Tudun Kolo, ta Kirikasamma
Watan Mayu

Yaya Ɗahiru,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun yi murna da jin lafiyarka, Allah ya sawwaƙe kunnen. Hajja ta amsa, ta ce ko yanzu ka zo sai ta sake dirzarka, don ba ta yarda Bafulatani yana wanka shi kaɗai ba. Allah ya sanya alheri a bikin Radiyya.

Mu kam da sauƙi za a ce. Tsuntsayen jan-baki sun sauka a shinkafar rani sun ci rabonsu sun ci namu, yara sun yi ta kaɗa gwangwani har muryarsu ta dishe. Babban abin da ke damuna shi ne ƙafar Hajja. Ciwon suga ya taɓa yatsunta, sun yi baƙi, kuma ta ɓoye mana sai da wari ya tona. Za mu kai ta asibiti a Haɗeja cikin makon nan, an ce kwanciya za ta yi. Ni zan zauna da ita, Badamasi zai riƙa yi mana zirga-zirgar magani da abinci. Gidan zan bar shi a hannun 'Yar'azumi ƙanwarsa. Kaina ba ya tare da ni, ka yi haƙuri da gajeriyar amsa.

Maganar mota, kai ka san cikinta da wajenta, ni sai dai in ji ƙararta. Ba zan so a ce ni na hana Radiyya abin da aka yi mata alkawari ba. In dai Gurguwa za ta ci gaba da duk aikinta yadda ta saba, ba ni da ja. Amma Badamasi, da yake shi ke tuƙa ta, ya ce in tambaye ka wace irin matsala ce a jikin naka. Ka ba shi amsa tukuna.

Ƙanwarka,
Fanna

*

Agege, Legas
Watan Yuni

Ƙanwata Fanna,

Assalamu alaikum. Allah ya ba Hajja lafiya, ya sa kaffara ne. Na ba Yakubu zuma da ɗan abin sayen magani ya kai muku asibiti.

Allah ya yi miki albarka da kika ce ba ki da ja. Na karanta wa Radiyya wurin, har da rawarta. Amsar Malam Badamasi kuwa mai sauƙi ce: ribas ne kawai ya mutu. Haƙoransa sun zube cikin man giya, sauran giyoyin garau suke. Ni ne dai nake shan kunya. Ranar Juma'a sai na zaɓi inda zan tsaya da hanci a waje, in kuwa wani ya tare ni, sai in fito da babbar rigata in roƙi mutane su tura ni da baya. Ki duba a ce haka ta faru a ƙofar gidan surukai da amarya a ciki. Ita kuwa Gurguwa tana zaune kan bulo, ina za ta koma da baya?

Don kada a ɓata lokaci, na haɗo wannan amsa da giyabos ɗin a mota ɗaya. Yakubu zai sauke shi a garejin Modu bakanike a Haɗeja, shi zai je ya yi musayar. Na rubuta masa komai: ya tsiyaye mai, ya tokare injin da katako kafin ya kwance, ya yi wa farfela alama don ta koma yadda take, kuma kada ya bar ko noti ɗaya a ƙasa. Aikin wuni guda ne, ba sai kun baro Hajja ba. Ki ce wa Malam Badamasi ya kwantar da hankalinsa, ko bambanci ba zai ji ba.

Yayanki,
Ɗahiru

*

Tudun Kolo
Farkon Yuli

Yaya Ɗahiru,

Wa'alaikumus salam. Mun dawo gida. An yanke wa Hajja yatsu biyu, tana dogara sanda, kuma sai an riƙa kai ta wankin ciwo Kirikasamma. Zumar ta iso, mun gode.

Na ce ka ba shi amsa tukuna. Tukuna na rubuta, Yaya, ka koma ka duba. Muna asibiti Modu ya zo, ya ce wa 'Yar'azumi na yarda, ya yi aikinsa, ya tayar da famfo ta ga ruwa na zuba, ya miƙa mata takardarka ya tafi da giyabos ɗinmu. Sai da muka dawo na karanta. Badamasi ya fita ya shiga motar, na ji yana ta kokawa da sandar giya har na toshe kunnena. Raina ya ɓaci da kai ƙwarai, kuma gara in faɗa maka.

Kai da rani ka zo, aikin rani ka gani. Tun da ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, duk damina kogi yana ɓallowa ya kewaye mu, Tudun Kolo ta zama tsibiri. Tsakaninmu da jinga ruwan yana da zurfi da gudu. Gora ba ta taɓa ƙasa, injin jirgi kuma ciyawa ke naɗe masa farfela. Shi ne Baba, kafin ya rasu, ya yi dabara. Doguwar igiya ce ake naɗawa a wilin baya na Gurguwa, ta tsallaka ruwa, ta zagayo wani wili da ke jikin giginyar bakin jinga, ta dawo. Jirgin a jikin igiyar yake ɗaure. In Badamasi ya sa giya ta ɗaya, jirgi ya tafi hayi. In ya sa ribas, jirgi ya dawo. Har kuka ribas ɗin yake yi, wani siririn kuka, wanda in mutane suka ji sun san jirgi ya juyo gida.

Da shi ake kai mai naƙuda, da shi ake zuwa kasuwa, da shi zan riƙa kai Hajja wankin ƙafa. Ka tambaya ina Gurguwa za ta koma da baya. To mu take dawowa da mu.

Ka ciro giyabos ɗinmu ka ba Yakubu a wannan zuwan. Masunta sun ce ruwan bana ya fara sauya launi.

Fanna ƙanwarka

*

Agege, Legas
Ƙarshen Yuli

Ƙanwata Fanna,

Assalamu alaikum. Na yi murna da Hajja ta koma gida. Takardarki ta daɗe a hanya, motar Yakubu ta lalace a Jeba, sai shekaranjiya ya iso. Wallahi ban san da maganar jirgi ba, kuma na ji nauyi da na karanta. Amma ke ma da kin faɗa tun farko.

Ki saurare ni da kyau. Giyabos ɗin ya riga ya hau Barewa, kuma bai hau da sauƙi ba. Ashe Baba Kolo ya taɓa sauya masa mazauni, ramukan ba su zo daidai da nawa ba. Sai da na yanke ƙarfen da ke riƙe shi daga ƙasa na sake waldarsa, na rage tsawon farfela, na sa sabon kuloci. Ni kaɗai na yi, a kwance a ƙasa, da jak ɗaya da bulo, ƙirjina har yau ciwo yake. Da na wanke cikinsa kuwa, laka na samu da ɓawon shinkafa, na ce lallai wannan ya zauna da Barebari. Yanzu giya tana shiga kamar an sa cokali a man shanu. In na ce zan sauke shi yau, ban da abin da zan sa a gurbinsa, ga biki ya matso, an riga an gaya wa dangin ango.

Ki ba ni zuwa ƙarshen Agusta. Washegarin kai amarya zan kwance shi da hannuna. Ni ma ɗan bakin kogin nan ne, na san babban ruwa ba ya zuwa sai gero ya nuna. Za mu riga shi in Allah ya so.

In kuma ya ɗan taɓa ku kafin nan, ga dabara ki gaya wa Malam Badamasi. In jirgi ya isa hayi, ya tsayar da mota, ya warware igiyar daga wili, ya naɗa ta ta ɗaya gefen. Da giya ta ɗaya ɗin nan jirgi zai dawo. Ya kafa turke mai ƙarfi a kusa, ya riƙa ɗaure igiyar a jiki yayin da yake juya ta. Ɗan jinkiri ne kawai. Kada ki yi fushi da ni, ƙanwata, fushin Babarbariya ba ya wuce la'asar.

Yayanki,
Ɗahiru

*

Tudun Kolo
Tsakiyar Agusta

Yaya Ɗahiru,

Muna lafiya, Hajja da sauƙi. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, mai kai wa Yakubu takardar yana tsaye a kaina.

Ruwa ya zo. Kogin da ka sani na yarintarka ne, wannan ba ya jiran gero. Gonakin fadama sun nutse, sai kan dawa ake hangowa. Mun zama tsibiri tun makon jiya.

Badamasi yana yin dabararka. Tana aiki, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma jiƙaƙƙiyar igiya da ruwa ke ja ba irin wadda ka sani ba ce. Kafin ya warware ya naɗa, sai maza biyu sun taya shi riƙo, kuma ba kullum ake samun maza a gari ba. Tafin hannunsa duk ya saɓule, da man kaɗe nake shafa masa, tuwo ma da cokali yake ci. Na ce ya rage fito, ya ce wa zai ce wa kada ya tsallaka?

Abin da ke hana ni sukuni shi ne, in jirgi yana bakin gaɓa ana iya juya igiya a natse. In yana tsakiyar ruwa wani abu ya taso fa? Da, hannu ɗaya Badamasi zai sa ya dawo da shi. Tsoro nake ji, Yaya. Ban taɓa roƙonka komai ba. Radiyya za ta shiga ɗakinta ko a wace mota aka kai ta, ka nemi ta aro. Don Allah, don zumuncin Yagana, ka aiko mana da shi yanzu.

Fanna

*

Agege, Legas
Farkon Satumba

Ƙanwata Fanna,

Assalamu alaikum. Ina fatan ruwa ya fara ja, kuma Hajja da Malam Badamasi da yara suna lafiya. Ga giyabos ɗinku nan, na cika alkawari.

Takardarki ta same ni ana saura 'yan kwanaki biki, gida cike da baƙi. Na karanta ta a tsaye, na sa a aljihu, na yi ta juya maganar. Har na ɗauko sifana. Sai na ce kwana nawa ne, tunda kin ce dabarar tana aiki. Na san za ki ce na yi son kai, na yarda ki faɗa min in mun haɗu.

Biki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Da kin ga Barewa an wanke ta an ɗaura mata furanni, da kin yafe min rabin laifina. Layin gidan angon matsattse ne, ba wurin juyawa. Da na sauke Radiyya sai na sa ribas, na fito da baya tun daga ƙofar gidan har bakin titi, samari suna tafi. Ba na jin tafin, amma na ga hannayensu. Radiyya ta yi kuka ta ce a gode wa Gwaggo Fanna.

Washegari na shiga ƙarƙashinta na kwance shi. Na zuba sabon man giya, na sauya roba mai yoyo, na naɗe shi da buhu. Barewa tana kan bulo yanzu, ita ma ta zama gurguwa, kin rama. Modu zai zo ya ɗaura. Akwai alawar biki a ƙunshin, da turmin atamfa naki, da safar hannu ta fata irin ta masu walda don Malam Badamasi. Ki ce masa yayansa yana ba shi haƙuri, wahala ta ƙare.

Yayanki,
Ɗahiru

*

Tudun Kolo
Ƙarshen Satumba

Ɗahiru,

Wa'alaikumus salam. Saƙonka ya iso. Daga ɗaki nake rubuta maka, takaba nake yi. Badamasi ya rasu.

Ranar kasuwar Kirikasamma ce, da hantsi. Jirgi ya ɗauki mata da buhunan kifi, Hajja tana ciki za a kai ta wankin ƙafa. Sun kai tsakiya sai ga wani babban curin kacalla da ruwa ya tumɓuko, faɗinsa ya fi tsakar gidanmu, yana tahowa ta gabansu. In aka ci gaba, cikinsa za su shiga. In aka tsaya, zai same su. Baya kawai ake bukata. Ina tsaye a bakin ruwa, na ga hannun Badamasi ya kai kan sandar giya ya ja ta inda ya saba, sannan ya tuna.

Ya diro ya ɗaure igiyar a turke, ya fara warwarewa. Ƙasar ta sha ruwa, turken ya tumɓuke. Maza duk suna hayi. Sai ya naɗa igiyar a damtsensa da ƙugunsa, ya tokare ƙafa a jikin motar, yana ce mana mu ja. Ni da 'Yar'azumi da wasu tsofaffi muka kama. Mun ja, Ɗahiru, har fatar hannuna ta tafi. Jirgin ya karkato ya shigo inda ruwa bai kai wuya ba, matan suka diro, aka ɗauko Hajja a baya. Babu wanda ya mutu a cikinsu. Sai curin ya hau kan igiyar. Mu da muke riƙe da hannu ta fizge ta bar mu. Shi a jikinsa take.

Masunta suka same shi washegari, can wajen Baturiya. A kan jinga aka binne shi, don maƙabartarmu tana cikin ruwa.

Na tambayi Yakubu ranar da ya miƙa maka takardata. Na yi lissafi sau ɗaya, ban sake ba. Na san kwana ne ya ƙare, malamai sun faɗa min, ni ma na faɗa wa yara. Amma ba zan ɓoye maka ba, ban iya yafe maka ba tukuna, ina roƙon Allah ya ba ni iko. Da na karanta wa Hajja gaisuwarka sai ta juya fuskarta bango. Kada ka gaya wa Radiyya yadda abin ya faru, ba ta da laifi. Kada kuma ka zo yanzu.

Alawar yara sun shanye, ba su san daga ina take ba. Safar hannun na ba Sunusi, ƙanen Badamasi, shi ke fito yanzu. Naka giyabos ɗin yana gindin rumbu, Yakubu zai kawo maka.

Modu ya zo ya ɗaura namu, ya ƙi karɓar komai, ya ƙi shigowa ya gaishe ni. Ka iya aiki, ba yoyo, ba gardama. Motar tana bayan ɗakina, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Duk sanda Sunusi ya sa ribas sai siririn kukan nan ya taso, ƙaramar 'yata ta ruga waje tana cewa Baba ya juyo da jirgi. Kai ba za ka taɓa jin kukan ba. Ni tun safe nake jin sa har magariba.

Fanna